Baɗin Lakay Kleto

A garinmu Dasol, in aka tambayi tuzuru yaushe zai yi aure ya ce "sai baɗin Kleto", kowa ya san maganar ta mutu. Har yara suna faɗa, alhali rabinsu ba su san Kleton yana nan da ransa ba, yana wucewa ta gabansu kullum da manjagara a kafaɗa. Sunansa na coci Anacleto Dumlao. Da furfura ta cinye masa kai sai aka koma kiransa Lakay Kleto, yadda muke kiran kowane dattijo. Gishiri yake yi kamar yadda ubansa ya yi, kuma ban da gishiri ba a taɓa ganin abin da ya sa shi sauri ba.

Wanda bai san aikin ba gani yake rana ce ke yin komai. In teku ya cika sai a buɗe masa ƙofa ya shigo kududdufin farko, ya ɗan kwana biyu, a tura shi na gaba, yana raguwa yana ƙara ɗaci, har ya iso fangalin ƙarshe wanda aka daɓe da tsingaro. A nan yake zama gishiri. Da la'asar a ja shi da manjagara, a tara, a zuba a kwando. Hadari ɗaya ya isa ya mayar da wahalar mako guda ruwa, shi ya sa mai gishiri ba ya nisa da gonarsa daga Disamba har ruwan farko. In damina ta sauka kuma a cika gonar da ruwa a zuba 'ya'yan kifin bangus, su ma ba a barinsu su kaɗai. Duk mai neman dalilin da zai hana shi tafiya, a wannan sana'a ba zai rasa ba, rani da damina.

Matarsa Petronila, wadda muke kira Petring, 'yar wani ƙauye ce a bayan tudu. A amalanken ɓauna ya ɗauko ta daga gidan ubanta, ita da akwatinta da keken ɗinkin uwarta. Gajera ce mai baki, in ta yi dariya a kasuwa sai an ji a bakin coci. Ta karanci aikin jinya a birnin Dagupan, tana aiki a ɗan asibitin garinmu. Suka haifi 'ya ɗaya, Jovelyn. Yarinyar tana firamare aka zo neman nas-nas zuwa Amurka, kamar yadda aka yi ta zuwa a waɗannan shekaru ana kwashe mana mata. Petring ta ba da sunanta, aka ɗauke ta, ta tafi Chicago. Bayan wasu shekaru ta zo ta tafi da Jovelyn. Da ta ce a haɗa da takardunsa, Kleto ya ce a bari ya gyara madatsar gabas tukuna.

Ba rabuwa suka yi ba. Duk Lahadi da safe sai ta kira, da fari a wayar gidan magajin gari, daga baya a tasa. Kwalayenta suna zuwa kafin Kirsimeti cike da sabulu da naman gwangwani da takalman da ba ya sawa. Takan zo gida jefi-jefi, ta share ɗaki, ta zubar masa da tsofaffin riguna, ta yi faɗa, ta koma. Kuma babu kiran da zai ƙare ba ta kawo maganar tafkin da ke bakin Chicago ba.

"Lakay, na rantse maka teku ne. Ruwa iya ganinka, da igiyarsa da yashinsa da tsuntsayensa. Amma ka ɗanɗana, lami. Babu gishiri ko ƙwaya ɗaya."

"To amfanin me yake yi?"

"Amfanin kallo, kai mutumin nan. Ba komai ake zubawa a buhu ba. Ka zo ka gani, mako ɗaya tak."

"Baɗi, baket."

Baket shi ne abin da miji ke kiran matarsa a nan, kuma a bakin Kleto kalmar ba ta cika fitowa ba sai da baɗi a gabanta. Akwai shekarar da ta tsare shi har ya sa takalmi ya je Manila, ya tsaya a layin ofishin jakadanci, aka ba shi biza mai tsawon wa'adi. Duk gari ya ɗauka an gama. Fasfon ya shiga aljihun tebur ya kwanta tare da tsofaffin batura har bizar ta mutu.

Mutane sun ce tsoron jirgi yake, wasu suka ce rowa ce. Ni da na san shi, ba ko ɗaya ba ne. Kunya ce. Yana ganin hotunanta cikin farin kaya tsakanin likitoci, ko cikin ƙatuwar rigar sanyi tana dariya da mutanen da bai sani ba, sai ya dubi ƙafafunsa da gishiri ya tsattsaga. A Dasol shi mijin Petring ne kuma mai gona mafi fari a gaɓar. A can bai san ko shi wane ne zai zama ba, ban da tsohon da za a riƙe wa hannu a tsallaka da shi titi. Bai taɓa faɗa mata haka ba, ita kuma ina jin ta sani, don ba ta taɓa tambayarsa dalili ba.

Da ta ajiye aiki, kowa ya sa ido ya ga ta dawo. Sai ta kafe.

"Ba zan dawo da ƙafata ba. Ka ɗauko ni daga gidan ubana, to ka zo nan ma ka ɗauke ni. In kai ka bakin ruwan, ka ɗanɗana, ka ce na yi gaskiya, mu hau jirgi tare."

"Baɗi, baket. Bana kifin ya yi yawa."

"Kifin ya ci kanka," in ji ta, tana dariya.

A Janairun da ya wuce ta faɗi a kicin ɗin Jovelyn tana wanke shinkafa. Kafin motar asibiti ta iso ta riga ta tafi. Bizarsa ta daɗe da mutuwa, sabuwa kuma ba a samunta da gaggawa, aka binne ta babu shi. Jovelyn ta turo masa bidiyon jana'izar. Ya zauna a rumfar gishiri da rana ya kalla. Mutane cikin baƙaƙen riguna masu kauri, hayaƙi yana fita daga bakinsu, dusar ƙanƙara ta rufe kaburbura fari fat kamar fangali ranar da aiki ya yi kyau. Ya ga an sauke akwatin. Ya lalubi cikinsa ya ji ko akwai wani abu, ya tarar babu komai, kamar ɗakin da aka kwashe wa kaya. Sai ya sa wayar a aljihu ya ɗauki manjagara, don la'asar ta yi. Ranin nan ya yi gishirin da bai taɓa yin irinsa ba.

Yayarsa, Manang Sianang, ita ce babba a dangi, kuma ita ke riƙe da duk abin da ya shafi mutuwa. Ta tara mata aka yi addu'o'in kwanakin makoki a gidansa duk da babu gawa. Da aka gama ta ce gobe sai kogi, a yi gulgol. Haka muke yi bayan an binne mutum. A ƙone karan shinkafa, a jiƙa tokar a tace, dangi su gangara kogi, babbar mace ta zuba wa kowa ruwan tokar a ka, ya nutsa ya wanke. Ruwa ya kwashe mutuwar da baƙin cikinta ya tafi da su teku, mutum ya hau tudu ya ci gaba da rayuwa. Wanda ya fi kusa da mamaci shi ake fara zuba wa.

Kleto ya bi su har bakin kogi. Ya tsaya yana kallon ruwan. Manang Sianang ta riga ta shiga har gwiwa da ƙoƙon kwakwa a hannu tana kiransa.

"Ading, ƙanena, gangaro mana. Kai ake jira."

"Teku ya cika, Manang. Zan je in buɗe ƙofa."

Ya juya ya tafi. Aka wanke kowa har da surukan nesa waɗanda ba su taɓa ganin Petring ba, ban da mijinta. Tun daga nan Manang Sianang ta sa shi a gaba. Ta ce yana yawo da mutuwa a ka. Ta hana shi zuwa bikin auren jikarta, ta hana shi ɗaukar jarirai, in ya shigo gidanta sai ta kawar da kwanon tsaba daga kusa da shi. Shi kuwa ko a jikinsa. Yana cin abinci in an ajiye, yana barci in duhu ya yi. Duk Lahadi da safe yakan tsinci kansa zaune da waya a hannu, sai ya mayar da ita aljihu.

Da ruwan farko ya sauka Jovelyn ta ɗauki maganar tafiya. Ita ma nas ce, ita ta yi komai daga can. Ya sake sa takalmi ya je Manila. Baturen da ke bayan gilashi ya tambaye shi me zai je yi, ya ce zai je ganin kabarin matarsa, aka ba shi. Jovelyn ta ce watan Satumba ya fi, sanyi bai fara ba, zafi ya wuce. Mako ɗaya, kamar yadda uwarta ta yi ta roƙo. Abin da ya rage kawai ya ce e, ta yanki tikiti.

Takan kira shi da safe, lokacin da ta taso daga aiki a can. Muryarta ta zama irin wadda take yi wa marasa lafiya magana da ita, a hankali, babu zafi babu sanyi.

"Tatang, ranar da ka sauka hutawa za ka yi. Washegari mu je kabarin Nanang."

"To."

"Akwai wani dogon gini, ana hawa can sama a tsaya a kan gilashi, mutum yana ganin motoci a ƙarƙashin ƙafarsa. Zan kai ka."

"To."

"Akwai jirgin ruwa da ke ratsa tsakiyar gari. Akwai wani ƙaton ƙarfe kamar ƙwayar wake, kowa yana zuwa ya kalli fuskarsa a jiki. Ranar Lahadi mu je cocin da Nanang take waƙa, ƙawayenta suna so su gan ka. Za su cika ka da abinci, ka shirya cikinka."

"To."

"Kana jina kuwa, Tatang?"

"Ina jin ki, 'yata."

Yana jin ta. Sai dai duk abin da ta lissafa yakan shiga ya wuce bai tsaya ba. Ya yi ƙoƙarin ganin kansa a kan gilashin, ko a gaban ƙarfen nan, ya ga wani tsoho ne kawai da bai dame shi ba. Ko kabarin ma da ya yi tunaninsa, dutse ne da suna a jiki.

Maƙwabcinsa na gona, Badong, wanda ke kiransa Manong, wato yaya, ya ce zai kula masa da kifi. Tun suna yara suke tsokanar juna, bai ga dalilin dainawa don an yi mutuwa ba.

"Ka tafi, Manong, kifinka ba za su yi kewarka ba. Kai ma ba hira kake musu ba. Amma ka taimake ni da abu ɗaya, in ka je kada ka tsaya a bakin tafkin mutane kana auna inda za ka yi fangali. Za su kama ka."

"Madatsar gabas tana yoyo."

"Madatsar gabas tana yoyo tun ina da gashi. Ka bar ta ta yi yoyonta." Badong ya tofar da yawu, ya ɗan rage murya. "In ka je, Manong, garin nan zai shiga uku. Tuzurai za su rasa abin faɗa."

Kleto bai yi dariya ba. Ya tsuguna yana danna laka a jikin madatsar da tafin hannu. Da Jovelyn ta kira washegari, da maganar madatsar ya fara. Ya ce ruwan bana da ƙarfi ya zo. Ya ce Badong mutumin kirki ne amma barci gare shi. Ya ja numfashi, bakinsa ya riga ya shirya kalmar da ya saba.

"Tatang, kada ka faɗa." Ba ta ɗaga murya ba. "Na san abin da ke zuwa. Tun ina yarinya nake jin sa ta bayan ƙofa, in Nanang ta ajiye waya ta shiga banɗaki ta sakar wa famfo ruwa don kada in ji ta. Ita tana da ƙarfin sake tambaya. Ni ba ni da shi. In ka faɗa min shi yau, shi ke nan, ba zan ƙara tambaya ba. Ba fushi ba ne. Na gaji ne."

Bai faɗa ba, amma bai ce e ba. Ta ce za ta sake kira ranar Lahadi, lokacin ne za ta yanki tikiti ko ta bari. Ya ajiye waya ya lalubi cikinsa kamar yadda ya yi a rumfa. Ya san in ya rasa yarinyar nan ba shi da kowa, ya san wannan abin tsoro ne, amma sanin a ka ya tsaya, bai gangaro ƙirji ba.

Ranar Lahadi bayan coci Manang Sianang ta biyo shi gida da tukunyar kifi da ganye. Tana cikin zubawa waya ta yi ƙara. Ta fizge ta daga hannunsa, ta kafa fuskarta a gilashin har hancinta kaɗai ake gani.

"Jovelyn, ke ce? Kin rame. Ji nan, ubanki ba zai hau jirgin mutane da mutuwa a ka ba. Ko ya wanke a nan kafin ya tafi, ko ya wanke a can. Kuna da kogi?"

"Muna da shi, Anti. Ta tsakiyar gari ya bi."

"Yana gudu?"

"Yana gudu. Sai dai an juya shi. Da cikin tafki yake zuba, tun da daɗewa injiniyoyi suka mayar da shi yana gudu baya."

Manang Sianang ta janye fuskarta ta dubi wayar kamar an zage ta.

"Kogin da ke tafiya da baya? Ke ko kunya. Haka kawai mutum ya wanke baƙin ciki ya juyo ya same shi a gida. Waɗanne irin mutane ne waɗannan da ba su bar ruwa ya bi hanyarsa ba? To tafkin fa, wanda uwarki ta ishe mu da shi? Yana fita ko a tsaye yake kamar kududdufin ɓauna?"

"Ban sani ba, Anti. Bari in duba." Ana ganin goshinta tana taɓa waya. "Yana fita. Ta can arewa akwai mashigi, ya shiga wani tafkin, daga nan wani, har dai ya kai teku. Amma sun ce ba ya sauri. Ruwan da ya shiga yau yakan kai kusan shekara ɗari kafin ya fita."

"Shekara ɗari. To wannan ai ba wanka ba ne, jiƙo ne. Bai yi ba. Gobe da safe zan kai shi koginmu ko da igiya ne." Ta miƙa masa wayar ta nufi kicin tana mita, ana jin ta tana buga murafen tukwane.

Kleto ya riƙe wayar da hannu biyu. Tun da aka fara shirin tafiyar nan bai yi tambaya ko ɗaya ba.

"Kin ce shekara nawa?"

"Kusan ɗari, Tatang. Haka aka rubuta."

"Kuma babu mai shanya shi."

"Shanya me?"

"Ruwan. Babu mai tare shi ya busar."

"Wa zai busar da shi? Ba shi da gishiri."

"Kabarin yana da nisa da shi?"

"Babu nisa. In iska ta taso daga tafkin har can ake jin ta."

Ya gyara zama. Sannan ya fara magana a hankali, idonsa a kan tebur, da irin muryar da yake gaya wa mai saye ko gishiri ya bushe.

"Manang ta ce kogi yana kai wa teku. Gaskiya ne, amma ba ta san sauran ba. Ni na sani. Abin da aka zuba a koginmu da safe, bakin gaɓa yake tsayawa. In teku ya cika sai ya turo shi, ni kuma in buɗe masa ƙofa da hannuna. Ya shiga kududdufina. Rana ta shanye ruwan, abin da ya rage in ja shi da manjagara. Na tsaya a bakin kogin nan ranar, na ga yadda za a yi. In wanke uwarki daga kaina, bayan 'yan kwanaki in kwashe ta a kwando, in ɗinke buhu, in ɗora wa masu busar da kifi a mota. Ban iya ba. Abin da ya rage min nata ke nan, wanda ke kaina. Ko jin sa ma ba na yi, amma ban iya ba."

Jovelyn ta kawar da wayar, sai silin ɗin kicin ɗinta yake gani da fitila.

"In can ne," ya ce, "zai zauna. Kusa da ita. Kafin ya fita na daɗe da tafiya, ke ma haka."

Fuskarta ta dawo. Muryar asibitin nan ta tafi, wadda ta zo ta yarinyar da yake goyawa a kafaɗa ce zuwa gona.

"Tatang, in suka buɗe jakarka a filin jirgi suka ga garin toka a leda, me za ka ce musu? Za su ɗauka wani abu ne."

"In ce toka ce."

"Ta me?"

"Ta wanke kai."

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, irin ta uwarta sak in ban da ƙarfi. Ta share hanci da bayan hannu.

"To ginin gilashin fa, da waken ƙarfe?"

"Ki kai ni duk inda kika ga dama. Amma bakin ruwan ki sa shi washegarin kabari. Da safe. Ki nemi wata babba cikin ƙawayenta ta zuba min."

"Ruwan da sanyi, ko a Satumba."

"Ba komai."

"In yanka ke nan?"

"Yanki."

Ya ji tana danne-danne. Manang Sianang ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta buɗe baki, ta dubi fuskar ƙaninta, ta rufe, ta koma ciki. Can Jovelyn ta ce an gama. Ya ɗauka za ta yi sallama, sai ta tsaya.

"Tatang, ka ƙara yawan tokar. Ni ma ban wanke ba. Babu wanda ya zuba min."

Samun busasshen karan shinkafa a tsakiyar damina aiki ne. Washegari ya zagaya gidaje, duk wanda ya tarar ya jiƙe ya yi baƙi. A ƙarshe a saman rumfar ɓaunan Badong aka samu wani dami da ya rage tun girbin bara. Badong ya hau ya sauko da shi yana nishi. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya fasa, ya miƙa masa kawai ya ce a gaishe da Manang Petring.

Kleto ya kai damin rumfar gishiri, inda babu kowa sai buhunan da suka rage na rani. Ana yayyafi a waje, gonar ta cika da ruwa, kifi suna ɗan fasa samansa. Ya sa karan a tsohon kasko ya kunna. Karan shinkafa ba ya daɗewa, ya kama gaba ɗaya ya lafa. Ya jira tokar ta huce, ya tankaɗe ta da rariyar gishiri, ya ɗauko ƙaramar leda cikin waɗanda yake ƙulla wa 'yan kasuwa. Ya ɗebi tafi ɗaya nasa. Ya ɗebi tafi ɗaya na Jovelyn. Tokar tana da ɗumi har yanzu, kuma ɗumin ya bi hannunsa ya hau, ya isa wani wuri a ƙirjinsa da ya daɗe bai san yana nan ba. Zafi ne sosai. Ya zauna a kan buhu, ya riƙe ledar a cinya. Sai a lokacin ya gane cewa Petring ta mutu, cewa ta jira shi har ta gaji da jira, kuma zai je ne ba don ya ɗauko ta ba.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya ƙulle bakin ledar ƙulli biyu, kamar yadda yake yi wa gishirin da zai yi tafiya mai nisa.

"Bana, baket," ya ce.